Ganye Bai San Ranar Albashi Ba

A ƙasan kusan kowane firij akwai wata durowa da aka yi domin kayan lambu. Tamu na daɗe ina kiranta maƙabarta. Can ake kai ganye da sauran ɗanyun kaya ranar da aka dawo daga cefane, a rufe su da kyakkyawar niyya, ba a sake waiwayarsu sai ranar da wari ya yi sallama. A jawo durowar, a tarar abin da aka biya kuɗinsa ya narke ya zama ruwa a cikin leda, a ɗauke shi da yatsu biyu zuwa kwandon shara, a wanke hannu, a yi shiru. Ba mai rubuta wannan asarar a ko'ina. Da kuɗin ne suka zube daga aljihu a kan hanya, da an kwana ana cigiya.

Shekaru na yi a cikin masu cefanen wata. Albashi na shigowa sai a ware rana guda, a fita da doguwar takarda, a yi ta jida har kafaɗa ta yi tsami, a dawo gida ana jin an yi abin kai: an huta sai wani watan. Makon farko komai a wadace, har da almubazzaranci. Mako na biyu a fara zubarwa. Na uku a fara fita sayen irin abin da aka zubar, kaɗan-kaɗan, da tsada. Na huɗu a koma kan abin da ba ya lalacewa, ana ƙirga kwanaki. Da na zauna na duba, sai na ga zuwa kasuwar ban huta da shi ba, rangwamen sarin ma ya bi ta kwandon shara ya fice. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Tambayar sau nawa ya kamata gida ya yi cefane tana kama da ƙaramar magana, irin wadda ake yi a tsaye a bakin ƙofa. Amma tayar da ita cikin mutane ka ga yadda ake rabuwa, kowa da hujjarsa a baki. Masu sayen kullum za su ce su ba sa cin kwantai. Masu sayen wata za su ce su sun san darajar lokaci, kuma sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Masu mako-mako kuwa gani suke su ne suka kama tsakiyar hanya. Ni na zauna a duka sansanonin uku, kuma abin da na fito da shi shi ne kuskurensu ɗaya ne: sun ɗauki cefane abu guda mai agogo guda. Alhali gishiri da ganye ba abin da ya haɗa su sai kwandon da aka zubo su a ciki. Gishiri zai shekara goma yana jiranka. Ganye in ya yi maka kwana uku ya yi maka kara.

Matsayina shi ne busassun kaya sau ɗaya a wata, ɗanyu sau biyu a mako. Ba aya ba ce, kuma zan zo kan gidajen da wannan ba zai yi musu ba. Amma ga gidan da ke da kasuwa ko kanti a kusa, yake kuma da wurin sanyaya abinci, ban ga tsarin da ya kai shi ba.

A shekarar 1913 wani injiniya Ba'amurke mai suna Ford Harris ya wallafa wani gajeren lissafi domin masu masana'antu. Tambayarsa ita ce, kaya nawa ya dace a ƙera ko a sayo a lokaci guda? Ya ce kuɗi iri biyu ne ke jan igiya. Akwai kuɗin fita nemo kayan, wanda ake biya duk sa'ad da aka fita, ko an sayo kaɗan ko an sayo da yawa. Akwai kuma kuɗin ajiye su: wurin da suka tare, jarin da suka danne, da abin da zai lalace kafin a kai gare shi. In ka yawaita fita, na farkon ya cinye ka. In ka yawaita tarawa, na biyun ya cinye ka. Har gobe ana koyar da wannan lissafi a makarantun kasuwanci, kuma duk uwar gida ko mai gidan da ya taɓa tsayawa gaban kaya yana wasiwasin ko ya ƙara ɗaya, lissafin Harris yake yi, alƙalami ne kawai babu a hannunsa.

Akwai abin da lissafin ya nuna wanda ido ba ya gani da kansa. Idan buƙata ta ninka sau huɗu, abin da ya kamata a ɗauko a fita guda sau biyu kacal zai ninka, yawan fitar ma ya ninka sau biyu. Wato gidan mutum takwas ba zai ari tsarin gidan mutum biyu ya ninka kaya sau huɗu ba. Zai ƙara kaya, ya kuma ƙara zirga-zirga. Haka nan in wahalar fitar ce ta ninka huɗu, misali an ƙaura nesa da kasuwa, rabi ake rage fita, ba a mayar da ita rubu'i ba. Mafi muhimmanci kuma, kowane kaya da nasa lissafin ake yi masa. Ajiye sukari ko shinkafa ko sabulu na wata guda kusan ba ya cin komai sai wuri. Ajiye ganye kuwa, kuɗin ajiyarsa shi ne ganyen kansa, ɗungurungum, cikin 'yan kwanaki. Babu mai masana'antar da zai haɗa irin waɗannan biyu a jadawali ɗaya. Mu a gida muna haɗawa, don kawai ranar albashi ɗaya ce, ranar hutu ma ɗaya.

Babbar sayayyar da ake cika mota da ita ma ba tsohon abu ba ne. Kafin firij ya shiga gidaje, mutanen birane abin da ke lalacewa kusan kullum suke sayensa, hatsi da busassun kaya kuma su ajiye na dogon lokaci. Agogo biyun nan da nake magana, dole ce ta koya musu. A 1916 Clarence Saunders ya buɗe Piggly Wiggly a birnin Memphis na Amurka, kantin da mai saye ke zagayawa ya ɗauki kaya da hannunsa maimakon ya tsaya a gaban kanta ya faɗa wa yaron shago abin da yake so. A 1927 kamfanin General Electric ya fito da firij ɗinsa na gida da ya karɓu a wurin jama'a. Shekara goma bayan nan, a 1937, wani mai kantuna a Oklahoma, Sylvan Goldman, ya lura cewa mai saye yakan daina ɗaukar kaya da zarar kwandon hannu ya yi masa nauyi. Sai ya yi wa kwandon ƙafafu. Da farko mutane suka ƙi turawa, har sai da ya yi hayar maza da mata su riƙa zagaya kantin da keken kamar masu sayayya, kafin sauran su saki jiki. Ka ga ke nan ba tausayin kafaɗar kowa ne ya haifi keken nan ba. Nauyin kwando shi ne birkin da ke ce wa mutum ya isa haka, shi kuwa ya cire birkin.

Abin dariyar shi ne, a shekarun 1950 Taiichi Ohno na kamfanin Toyota a Japan daga irin waɗannan manyan kantuna na Amurka ya ɗauko dabarar da ta yi wa kamfaninsa suna a duniya: kada a tara kaya a sito, a kawo abin da ake buƙata lokacin da ake buƙatarsa, daidai adadin da aka ɗauke. Ya ga kanti yana cike gurbin abin da aka saya ne kawai. Kantin da ya koya wa masu ƙera mota kada su tara, shi ne ya koya mana mu tarawa. Sitonsa ya rage, ya mayar da gidajenmu sito, kuma abin da ya ruɓe a can mu ke biya.

Abin da ke ruɓewar kuwa ba kaɗan ba ne. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a gidaje da gidajen cin abinci da kantuna. Kashi 60 cikin 100 na wannan daga gidaje ya fito, kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Gaskiya ne adadin ya haɗa da ɓawo da ƙashi da sauran abin da dama ba a ci. Amma ko an cire su, abin da ya rage ya isa ya ba mutum kunya. Rahoton ya kuma rusa zaton da yawancinmu ke yi cewa wannan cutar masu kuɗi ce: bambancin da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da masu matsakaicin samu ɗan kaɗan ne, kuma ƙasashe masu zafi sun fi zubarwa a gida. Tun 2015 ƙasashen duniya suka yi alƙawarin rage wannan ɓarna da rabi kafin 2030. Ba a zauren taro za a cika alƙawarin ba, tunda mafi yawan ɓarnar a kicin ake yin ta.

Sai dai lalacewar kaya rabin maganar ce. Ɗaya rabin, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne mutum bai san kansa na mako mai zuwa ba. Wanda ke tsaye a kanti ranar hutu da safe, ya ƙoshi, ya huta, zuciya cike da buri, shi ne ke yi wa wanda zai dawo daga aiki tsakiyar mako da daddare sayayya. Na farkon ya ƙudurta za a dafa sabon abinci kowace rana, za a ci ganye, za a rage soye-soye. Na biyun ya shigo a jigace, an tsare shi a wurin aiki, yaro ba lafiya, abin da ya fi sauƙi kawai yake nema. Mutum ɗaya ne, amma ba su taɓa zama sun yi shawara ba. Ga baƙin da za su faɗo ba zato, ga gayyatar da za ta fitar da mutanen gida, ga tafiyar da za ta taso, ga ragowar abincin jiya da ya isa ya zama na yau alhali ba a sa shi a lissafi ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tura jadawalin gaba da kwana guda. Shinkafa za ta matsa ta ba da wuri. Ganye da kifi ba su san a matsa ba.

Na gwada kaina a kan wannan. Abin da za mu ci gobe da jibi ina iya faɗa ba kuskure. Na gata akwai ɗan shakku. Daga citta zuwa sama duba kawai nake yi. Wani lokaci har nakan ce ba banza ba harshenmu ya raɗa wa kwanaki masu zuwa suna har huɗu, gobe, jibi, gata, citta, daga nan sunayen suka fara ƙarewa. Iyakar hangen mutum ke nan a harkar cikinsa. Duk ɗanyen kayan da aka saya domin kwana na shida ko na bakwai, caca aka yi da shi.

Wani abin kuma, iyakar hangen nan ta zo daidai da iyakar rayuwar kayan. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka tana ba da shawarar kada ɗanyen naman kaza ko kifi ko niƙaƙƙen nama ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu a firij, yankakken jan nama kwana uku zuwa biyar, dafaffen abinci kwana uku zuwa huɗu. Ƙwai ne mai dogon numfashi, yana kai mako uku zuwa biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe sanyin ƙasa da digiri 5, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a waje. Mutane da yawa sun ɗauka firij tsayar da lokaci yake yi. Jinkirta shi kawai yake. Ganye yana ci gaba da numfashi bayan an tsinke shi, yana rasa ruwa, bitamin C ɗin da ke cikinsa yana raguwa kullum ko da idonka bai ga yaushi ba. Ayaba da tuffa da tumatir suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke hanzarta nunar abin da ke kusa da su, shi ya sa durowar da aka cusa komai a ciki take lalacewa tare kamar an haɗa baki. Firij ɗin da aka cika maƙil kuma iskar sanyi ba ta zagayawa a cikinsa yadda ya kamata, abin da aka tura can baya ido ba ya kai masa, abin da ido bai gani ba kuwa tukunya ba ta gani.

To, hange kwana uku zuwa huɗu, rayuwar ɗanyen kaya kwana uku zuwa huɗu, mako kuma kwana bakwai. Raba shi biyu. Daga nan na samo sau biyu a mako, ba daga wani littafi ba.

Firiza ce kaɗai halattacciyar hanyar zillewa. A digiri 18 ƙasa da sifiri ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa, don haka nama da kifi da burodi suna iya ƙaura daga agogon mako zuwa agogon wata, muddin an rarraba su daidai cin rana guda kafin a daskarar. Daskararrun kayan lambu ma ba abin rainawa ba ne, domin akan daskarar da su ne jim kaɗan bayan girbi, sau da yawa sun fi wanda ya kwana biyar a durowa amfani a jiki. Amma duk wannan ya rataya ne a kan wutar da ba ta yankewa. Inda ba a da tabbacinta, cika firiza da naman wata guda ajiye kuɗi ne a bakin rijiya.

Wani zai ce, tunda haka ne me zai hana a koma sayen kullum, a huta da asara gaba ɗaya? Na yi wannan ma, bayan na tuba daga cefanen wata, kuma gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Kowace shiga kanti tana da kuɗin ƙofa da ba a rubuta ba. Ka shiga neman madara ka fito da leda biyu. Ba rauninka ba ne kai kaɗai, haka aka tsara wurin: abin da kowa ke buƙata yana can ciki, sai ka ratsa layi-layi kafin ka kai, kayan kwaɗayi kuma suna jiranka a inda za ka tsaya biyan kuɗi, daidai tsayin idon yaro. Abin ya kai ga a watan Oktoba na 2022 Ingila ta hana manyan kantuna jera kayan zaƙi da na maiƙo a wurin biya da ƙarshen layi da bakin ƙofa. Gwamnati ba ta kafa doka a kan dabarar da ba ta aiki. Mai sayen kullum sau bakwai yake bi ta wannan tarko a mako, yawanci a hanyarsa ta dawowa daga aiki, da yunwa, lokacin da ya fi kowane lokaci sauƙin kamu. Ga shi ƙaramin ƙunshi kusan kullum ya fi babba tsada in aka auna da kilo.

Sannan akwai lokaci. Rabin awa a kullum ya haura awa 180 a shekara, sama da kwanakin aiki ashirin. Kuma lokacin wa? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa mata ne ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da ba a biya. Na lura masu yabon sayen kullum da ƙarfin murya galibi ba su ne ke zuwa ba. Da sauƙi mutum ya ce shi sai sabon tsinka, in ƙafar wani ce ke takawa.

Shi ya sa fita ta biyu a mako take da sharaɗi a wurina, in ba haka ba ta zama wata babbar sayayyar. Kwandon hannu nake ɗauka, ba keke ba, don in dawo da birkin da Goldman ya cire. Abin da ke takardar bai wuce biyar ko shida ba, duk ɗanyu. Layin busassun kaya ko kallonsa ba na yi, ko da an rubuta ragi da jan fenti, domin ranarsa daban ce. Minti goma sha biyar na fito.

Busassun ma da na ce wata guda, wata guda nake nufi, ba rabin shekara ba. Ƙwari suna shiga hatsi da gari, mai yana canza wari, kayan ƙamshi suna sanyi. Mafi muni shi ne danshi. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa mai fumfuna, kuma binciken wannan ne ya gano gubar aflatoksin, wadda ke illata hanta, wadda kuma girki ba ya kashe ta. Masara da gyaɗa da aka ajiye a wuri mai zafi da laima su ne gidanta. Ban da haka, akwai abin da na gani a gidana ba sau ɗaya ba: abin da ya yi yawa a sito hannu ba ya tausayinsa. Babban galan ɗin mai ba ya yin kwanakin ƙananan kwalaben da ya maye gurbinsu. Ragin da aka samu a sari, sakin hannu ya cinye shi.

Yanzu ga waɗanda tsarin nan ba zai yi musu ba. Na farko shi ne mutumin da abin da ya samu yau shi zai ci yau. Ce masa ya sayi kayan wata guda don ya samu rangwame, zagi ne a fakaice. Ya fi kowa sanin sari ya fi araha, sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ne ke biyan mafi tsada a kan kowane kilo, saboda shi ne mafi ƙarancin kuɗi, kuma wannan ba matsalar rashin tsari ba ce da za a gyara da nasiha. Abin da na ga yana aiki shi ne gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya su raba. Wanda ba shi da firij ma sayen kullum ko na bayan kwana ɗaya shi ne daidai a gare shi, kuma ba ci baya ba ne, lissafin Harris ne ya ba shi wannan amsar. Wanda kasuwa ta yi wa nisa kuwa ya rage fita, ya jingina da abin da ke jurewa: albasa, dankali, kabeji, karas, busasshe da na gwangwani, a ci masu saurin lalacewa a kwanakin farko.

Hauhawar farashi ma tana karkata ma'aunin. A Jamus a 1923, lokacin da farashi ke ninkawa cikin 'yan kwanaki, har sau biyu a rana ake biyan wasu ma'aikata, su ruga su mayar da kuɗin kaya kafin ya zama takarda. Ba sai abu ya kai can ba. Duk inda kuɗi ke zubar da daraja wata bayan wata, sayen busassun kaya da wuri ajiya ce mai riba. Amma busassu kawai. Ganyen da ya ruɓe bai kare kowa daga tsadar gobe ba.

Akwai kuma ajiyar ko-ta-kwana, wadda bai kamata a rikita ta da cefane ba. Hukumar kare fararen hula ta Jamus tana shawartar kowane gida ya tanadi abinci da ruwan kwana goma. Watan Maris na 2020 ya nuna dalili. Da annobar korona ta rufe gari, gwamnatin Birtaniya ta ce wa jama'a su rage fita sayen abinci iya yadda za su iya, kantuna kuma suka wayi gari wayam a ƙasashe da dama. Ba abinci ne ya ƙare a duniya ba. Kantunan ne ba sa ajiye rara, don haka da kowa ya ƙara kaɗan a kan abin da ya saba ɗauka, sai kantocin suka bushe. Gidan da dama ke da busassun kayan mako biyu a ɗaki bai shiga turmutsutsun ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ajiyar sau ɗaya ake gina ta, sannan a riƙa ci daga tsohon ana mayar da sabo a baya.

Sayayya ta waya da ake kawowa har ƙofa ta rage wahalar fita, kuma bisa lissafin nan hakan na nufin a riƙa saye kaɗan-kaɗan akai-akai. Sai dai kuɗin kawowa da sharaɗin mafi ƙarancin abin da za a saya suna sake tura mutum ga tarawa. Ni na bar mata kayan wata, masu nauyi, waɗanda ba sa buƙatar a latsa su a ji. Tumatir da kifi kuwa zuwa da kai ya fi saƙo.

Wanda bai yarda da ni ba, ba sai ya ɗauki maganata ba. Ya manna takarda a ƙofar firij, duk abin da aka zubar a rubuta shi da ranar da aka saye shi, na mako biyu kawai. Takardar za ta gaya masa nasa adadin, wataƙila sau uku ne, wataƙila sau ɗaya ya ishe shi. Ni da na yi, kusan duk abin da ke kanta ya haura kwana huɗu da saye, kuma babu busasshen abu ko ɗaya a ciki. Tun daga nan daren da ke gaban kowace fita ya zama daren share firij: ba a dafa abin da aka yi marmari, abin da ya rage ake dafawa, yara su yi ƙorafi su ci. Sai an ga ƙasan durowar ake rubuta sabuwar takardar cefane.

Takardar asarar tana nan manne har yau, na kasa cire ta. Abu na ƙarshe da aka rubuta a kai rabin lemon tsami ne, da ya ɓuya a bayan wata kwalba.